Yadda za ka karɓo dabbobinka da kayanka idan mai kula da su ya riƙe saboda rigimar kuɗi

Shekarar da mahaifiyata ta kwanta jinya a Haɗeja, na rufe gidan da nake haya a Hotoro, cikin Kano, na tafi da niyyar yin sati uku. Sai da na yi wata huɗu. Na bar wa dattijon da ke gadin gidan raguna biyu, da tunkiya mai ciki, da tattabaru aure shida, da kyanwar 'yata. A ɗakin ajiya kuma akwai keken ɗinkin maiɗakina, da janareto, da akwatin da takardun makarantar yara ke ciki. A bakin ƙofa muka yi magana, da baki kawai: zan riƙa turo kuɗin dusa da harawa, in kuma riƙa ba shi wani abu duk wata. Nawa ne wannan wani abun? Ba mu yanke ba. Wata biyun farko na turo. Na uku da na huɗu kuɗin magani ya sha kaina.

Ranar da na dawo na tarar da sabon kwaɗo a ɗakin ajiyar, an kuma mayar da dabbobin bayan ɗakinsa. Na ce, "Baba, na zo ganin kayana." Ya ce, "Malam, ko allura ba za ta fita daga nan ba sai ka ba ni haƙƙina." Adadin da ya faɗa ya kusa ninka abin da na lissafa a raina.

Kwana tara na yi kafin in karɓi kayana, kuma da na san abin da na sani yanzu da kwana biyu ya isa. Abin da na gano shi ne, magana biyu ce ta cakuɗe: maganar bashi daban, maganar rai daban. Bashi yana iya jiran alƙali wata uku, tunkiya mai ciki ba za ta jira ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa hanya ce ta raba waɗannan biyun, a fitar da mai rai tukuna, lissafi ya biyo baya.

Ranar farko: je ka ga dabbobin, ba faɗa ya kai ka ba

Kada ka fasa kwaɗo. Kada ka tsallaka katanga da dare, kada ka kwaso samarin unguwa su raka ka, balle ka nemi 'yan daba. Na san zuciya takan ce ai kayanka ne, amma da zarar ka ɓalle ƙofar da ke hannun wani, ko aka ture dattijo ya faɗi, kai da ka zo neman haƙƙi kai za a fara tuhuma, kuma maganar raguna ta koma gefe ke nan. Garin neman gira a rasa ido.

Nemi mutum ɗaya mai sanyin hali wanda mai riƙon yake jin nauyinsa, ko limamin masallacin layin, ko wani dattijo maƙwabci. Ku je da rana, ku gaisa kamar yadda aka saba. Kada ka fara da "ba ni kayana". Ka ce, "Baba, maganar kuɗi za mu zauna a kanta. Yanzu dai so nake in ga dabbobin, ga kuma abincinsu na kawo." Ka zo da dusa da ɗaurin harawa a hannunka, domin amfaninsa biyu ne: dabbobin sun samu, kuma daga ranar ba zai ƙara ɗora maka kuɗin ciyarwa ba, tunda a gaban shaida ka karɓi ciyarwar.

In an bar ka ka shiga, duba da idon mai kiwo. Shafa bayan ragon ka ji ko ƙashin ya fito. Dubi kwanon ruwa, busasshe ne ko akwai ruwa mai kyau. Dubi kashinsu, ƙwaya-ƙwaya ne ko zawo. Kalli hanci da ido ko akwai majina da kwantsa. Ƙirga tattabaru da yamma bayan sun shiga akurki, da rana ba za ka sami adadinsu ba. Ɗauki hoto da bidiyo a wayarka, a fili ba a ɓoye ba, kana ambaton ranar da abin da kake gani. In ya hana ka shiga ma, wannan hanin a gaban shaidarka hujja ce da za ta yi maka amfani gaba.

Sannan ka zauna ka saurare shi har ya kai aya. Ka rubuta duk abin da ya ce yana bin ka, ɗaya bayan ɗaya, kada ka musa ko ɗaya a wannan zaman. Ni a nan na yi kuskure: yana faɗar adadi na katse shi da cewa son zuciya ne, kalmar nan kuwa ita ta ƙara mana sati guda. Daga baya na fahimci ba kuɗin kaɗai ke cinsa ba. Wata biyu yana kiran wayata ba na ɗauka, ya ci bashin dusa a wurin mai shago da sunansa, mai shagon yana tare shi a hanya. Mutumin da ya ji an wulaƙanta shi ya fi mai neman kuɗi wuyar sha'ani.

Tattara hujjarka a daren nan

Kafin ka kwanta, haɗa duk abin da zai nuna kayan naka ne da abin da ka riga ka biya. Saƙon banki na duk kuɗin da ka tura, in ya goge ka nemi bayanin asusunka a banki ko ta manhajar waya. Saƙonnin WhatsApp, musamman na murya, inda kuka yi maganar kuɗi. Tsofaffin hotunan dabbobin a gidanka. Katin allura na asibitin dabbobi, in ka taɓa kai su Kundila ko Gwale. Rasitin janareto ko firiji, da lambar da ke jikin injin. In a 'Yan Awaki ka sayi ragon, dillalin da ya karɓi la'ada shaida ne, kuma dillalai ba su cika manta dabbar da ta bi ta hannunsu ba. Rubuta alamomin kowace dabba: tsagar kunne, karyayyen ƙaho, baƙin tabo a wuya. Dokar shaida ta 2011 ta yarda da hujjar da ta fito daga waya da kwamfuta, don haka kada ka goge komai, har saƙon da kai ka yi fushi a ciki. Tura kwafin komai wayar wani naka.

Lissafi: raba kuɗin gida uku

Nan ne aikin yake. Adadin da ya faɗa dunƙule yake, kai kuma aikinka ka warware shi.

Kashi na farko ladan aikinsa ne. In kun yanke, shi ke nan, lissafin wata ne. In ba ku yanke ba, kamar yadda ya faru da ni, sai a koma ga abin da aka saba ba mai irin wannan aikin a unguwar, wanda malaman fiƙihu ke kira ladan tamka. Tambayi mutum biyu ko uku masu ba da kiwo a yankin nawa suke bayarwa. Rashin yanke lada ba ya nufin aikin kyauta ne.

Kashi na biyu abin da ya kashe daga aljihunsa ne: dusa, harawa, kowar wake, kanwa, dawar tattabaru, magani, ruwan 'yan garuwa. Wannan ana iya bin diddiginsa. Je wurin mai shagon da yake saye ka tambaya. Ka tuna kuma farashi yana tafiya da lokaci. Harawar da ka sani da arha da kaka ba ita ce ta bazara ba, kuma gab da babbar salla dusa takan yi tashin gwauron zabo. Ni da farashin kaka na yi lissafi, shi kuwa a watannin zafi ya ciyar. Da na je wurin masu harawa na tambaya, sai na ga kusan rabin abin da nake kira ƙari gaskiyarsa ce.

Kashi na uku shi ne abin da babu tushe: kuɗin wahala da aka ƙirƙira bayan rigima ta tashi, kuɗin ajiyar kaya da ba a taɓa ambata ba, ko tsohon bashin da ba shi da alaƙa da dabbobin. Wannan shi ne abin jayayya.

A ce yana neman naira 120,000. Ka zauna ka ga 70,000 babu makawa haƙƙinsa ne, 50,000 kuma ba ka yarda ba. To ka biya 70,000 ɗin nan take, kada ka riƙe shi a matsayin makami. Ka tura ta banki, ka rubuta a wurin bayani cewa kuɗin kiwo ne na wata kaza zuwa wata kaza. In hannu da hannu ne, a gaban mutum biyu, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Hadisi ya zo cewa a ba ma'aikaci ladansa tun guminsa bai bushe ba, kuma wanda ya riƙe haƙƙin da ya san gaskiya ne ba shi da bakin cewa an riƙe masa nasa. Bayan haka, duk inda kuka je, gaban mai unguwa ne ko alƙali, tambayar farko da za a yi maka ita ce ko ka biya abin da ka amsa. In ba ka da kuɗin gaba ɗaya, ba da abin da ya sawwaƙa, ka rubuta ranakun biyan ragowar, ka kawo wanda zai tsaya maka.

Shin yana da ikon riƙewa?

Yana da kyau ka san matsayinka, ko da ba za ka karanta masa doka a ƙofar gida ba. A Musulunci abin da ka bar wa mutum ya tsare amana ne, kuma aya ta 58 a suratun Nisa'i ta yi umarni a mayar da amana ga masu ita. Jingina kuwa yarjejeniya ce da mutum biyu ke ƙullawa, ba mutum ɗaya ke wayar gari ya mayar da ajiya jingina ba. A ɓangaren dokar da aka gada daga Turawa, ana bambanta wanda ya gyara abu da wanda ya tsare shi kawai. Makanike ko tela yana iya riƙe abin da ya yi wa aiki har a biya shi kuɗin wannan aikin. Wanda ya ciyar da dabba ko ya tsare kaya kawai ba shi da wannan damar kai tsaye, sai in an rubuta ta a yarjejeniya. Ko wanda ke da ikon riƙewa ma, ba shi da ikon sayarwa don ya biya kansa ba tare da izinin kotu ko na mai kaya ba. Haka mai gidan haya ko wakilinsa: bashin haya ba ya ba shi damar kulle kayan ɗan haya da hannunsa, kotu ce hanyarsa.

Amma bashinsa yana nan daram. Rashin ikon riƙewa bai goge ko kwabo daga abin da yake bin ka ba.

Kai magana gaban mai unguwa, ka ajiye kuɗin jayayya a hannunsa

Wannan matakin shi ne ya warware tawa, kuma shi nake ba kowa shawara ya gaggauta zuwa gare shi. Abin da ke sa mai riƙo ya ƙi saki tsoro ne: ya san ranar da raguna suka fita daga hannunsa, ba shi da sauran abin kama ka. To ka ba shi wani abin riƙon da ba ya cin dusa.

Je wurin mai unguwar da kayan suke, ba ta inda kake zaune ba. Bayan gaisuwa ka ce, "Ranka ya daɗe, saɓani ne tsakanina da Baba mai gadi a kan kuɗin kiwo. Abin da na amsa na biya, ga shaida. Ga ragowar da muke jayayya a kai, ina roƙon a ajiye a hannunka. Duk wanda aka ga gaskiyarsa ce a ba shi. Abin da nake nema kawai a sakar mini dabbobin yau, akwai mai ciki a cikinsu." In babu tsabar kuɗin, ka ba da wani abu marar rai a madadinsu da yardarka, kamar janareton, a rubuta cewa jingina ce zuwa rana kaza. Takardun makaranta, katin shaida, magunguna da kayan sana'ar da ake ci da su, waɗannan ka nemi a fitar da su tare da dabbobin, don ba su da amfani ga mai riƙo, kai kuwa rashinsu cuta ne.

A zamanmu, ni ban ce komai a kan kyanwar ba. Limamin da ya raka ni ne ya juya ya ce, "Malam, ka san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Na san kai kana ba ta, amma me ya haɗa kyanwar yarinya da lissafinku?" Dattijon ya yi shiru, ya ce a ɗauke ta. Da daga bakina maganar ta fito, da gori zai ɗauke ta. Shi ya sa nake cewa ka zo da wanda zai faɗi abin da kai ba za ka iya faɗa ba. Ni kuma a gaban mutane na ba shi haƙuri a kan kiran da ban ɗauka ba, kuma haƙurin gaskiya ne, domin na yi laifin. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Duk abin da aka cimma a rubuta shi a wurin, ko a fallen littafin makaranta ne. A sa kwanan wata, da jerin dabbobi da kayan da za a saki, da adadin da aka biya, da adadin da aka ajiye da hannun da yake, da ranar da za a zauna a kan ragowar. Ku biyu ku sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya ɗauki hoton takardar a wayarsa.

In ya ƙi

Wani ko mai unguwa ba ya ji. To sai ka rubuta masa takardar neman kaya, domin a kotu abin da ke tabbatar da riƙe kaya ba bisa haƙƙi ba shi ne ka nema a fili, ya ƙi a fili. Ba sai lauya ya rubuta ba. Ga yadda za ta kasance:

"Ni wane, mai raguna biyu da tunkiya ɗaya da keken ɗinki da ke hannunka tun ranar kaza, ina neman ka miƙa mini su. Dabbobin cikin kwana 2, sauran kayan cikin kwana 7. Na biya ka naira kaza ranar kaza. Ragowar naira kaza da muke saɓani a kai na ajiye a hannun mai unguwa. Ban yarda a sayar, ko a yanka, ko a kai wani wuri da ko ɗaya daga cikin kayan nan ba. In wa'adin ya cika ba ka miƙa ba, zan kai ƙara."

Ka yi kwafi biyu, a kai masa a gaban shaida, a karanta masa in ba ya karatu, ka kuma tura hotonta ta waya.

Daga nan sai Hisbah. Hedikwatarta tana Sharaɗa, amma tana da ofis a ƙananan hukumomi, don haka fara da na yankin da kayan suke, Nasarawa ne, ko Tarauni, ko Gwale, ko Kumbotso. Sukan kira ɓangarori biyu su yi sulhu, kuma mutane da yawa da suka raina kiran mai unguwa sukan amsa nasu. Ka sani dai sulhu suke yi, hukuncin da ake zartarwa da ƙarfin doka na kotu ne. Akwai kuma cibiyar sasanci ta babbar kotun jiha da ke sakatariyar Audu Baƙo, wadda ta fi dacewa in kayan masu tsada ne, kamar doki, ko in da kamfanin kula da gidaje kake rigimar.

Maganar 'yan sanda kuwa, mutane suna yawan kuskure a nan. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, don haka ba aikinsu ba ne su yanke nawa ake bin wa. Kada ka ƙara gishiri ka ce sata aka yi maka don a kama shi, ƙarar ƙarya kanka za ta dawo. Lokacin zuwa wurinsu shi ne in ya sayar da dabbar, ko ya yanka, ko ya ɓoye kayan yana musun an taɓa ba shi, ko ya yi maka barazana, ko yana barin dabbobin da yunwa da gangan. Sayar da abin da aka ba ka amana laifin cin amana ne, sashe na 311 da 312 na kundin dokokin hukunta laifuka, wato Final Kod. In ka ji ƙishin-ƙishin an kai ragon kasuwa, kada ka tsaya jiran gobe: ɗauki hotonsa ka je wurin shugabannin dillalai a kara, ka sanar da su akwai rigima a kansa.

Kotu

In ku biyu Musulmi ne, kotun shari'ar Musulunci ta yankin ita ce mafi kusa, kuma kana iya tsayawa da kanka. In ɗayanku ba Musulmi ba ne kuma bai yarda da ita ba, sai kotun majistare. Za ka je wurin rajistara ka faɗi ƙararka, ka biya kuɗin shigar da ƙara ka karɓi rasit, a ba da sammaci. Abu uku za ka nema: a mayar maka da kayanka, ko ƙimarsu in sun salwanta, da diyyar asarar da riƙon ya jawo, misali ɗinkin da aka rasa saboda keke yana kulle.

Abin da bai kamata ka manta ba shi ne roƙon zaman farko. Ka ce, "Allah ya gafarta Malam, cikin kayan nan akwai masu rai. Ina roƙon kotu ta ba da umarni a miƙa mini su, ko a ba wani amintacce, kafin a gama shari'a. Kuɗin da ake jayayya a kai a shirye nake in ajiye a kotu." In ka sami takardar likitan dabbobi da ke nuna halin da suke ciki, roƙon ya fi ƙarfi.

Ka shiga da sanin ƙa'idar: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Kai za ka tabbatar kayan naka ne kuma ka ba shi, shi kuma zai tabbatar da kuɗin da yake da'awa. Shaidu biyu ake so, kodayake a mazhabar Malikiyya ana karɓar shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara a sha'anin dukiya. In dabba ta mutu a hannunsa, kada ka ɗauka biya dole ne. Makiyayi amintacce ne, ba ya biyan abin da ya mutu sai an nuna sakaci ko ƙetare iyaka. Amma mutuwar da ta faru bayan ka nema ya hana, maganarta daban ce, kuma a nan takardar da ka rubuta masa da kwanan watanta za su yi maka rana. Abin da aka haifa a hannunsa naka ne, sai in tun farko kiwon raba 'ya'ya kuka ƙulla.

Shi ma yana da ƙofa. Tun 2019 Kano take da kotun ƙananan ƙararraki ta bashin kuɗi, inda zai iya neman haƙƙinsa ba tare da ya tsare akuyar kowa ba. Wanda kuma ba shi da halin ɗaukar lauya, Hukumar Tallafin Shari'a ta ƙasa tana da ofis a Kano, ya je ya tambaya ko ƙararsa tana cikin waɗanda suke karɓa.

Ranar ɗauka

Ku je da safe kafin rana ta take, da shaidun nan, da jerin kayan a hannu. Ana fitowa da abu kana yi masa alama. Tayar da janareto a wurin, juya keken ɗinki, buɗe akwati ka ƙirga takardu. Abin da ya ɓace ko ya lalace a rubuta kafin ka sa hannu cewa ka karɓa, domin in ka bar wurin ka dawo gobe da ƙorafi, babu mai saurarenka. Kuma kada ka sa hannu a takardar da ta ce babu sauran magana tsakaninku alhali akwai.

Raguna a a-kori-kura za ka ɗauke su, a shimfiɗa buhu ko ciyawa, kada a ɗaure ƙafafun mai ciki. Kyanwa a kwando mai murfi ko kwali mai huji, kada yaro ya rungume ta a adaidaita sahu, ƙarar hanya za ta sa ta fizge ta gudu. A gida a rufe ta a ɗaki ɗaya da ruwa da abinci da kaskon yashi na 'yan kwanaki.

Dabbar da ta sha yunwa kada tausayi ya sa ka cika mata kwano da dusa ko hatsi a ranar farko, kumburin ciki yana kashe rago cikin dare ɗaya. Ruwa da harawa tukuna, dusa kaɗan-kaɗan kana ƙarawa cikin sati. In ka ga zawo, ko tari, ko majina, ware ta daga sauran ka kai ta asibitin dabbobi, ka kuma ajiye rasitin, yana cikin abin da za a duba ranar lissafi.

Tattabaru su ne masu wuya. In gidan da za ka kai su ba shi ne wanda suka saba ba, kana buɗe akurki za su tashi su koma inda suka fito. A rufe su na wasu makonni, in da hali har su yi ƙwai a sabon wuri, sannan a fara sakinsu da yamma kafin a ba su abinci. Ni da muka tashi daga gidan bayan wata guda na yi gaggawar saki, aure biyu suka koma Hotoro. Dattijon ne ya kira ni da kansa, ya ce, "Malam, baƙinka sun dawo." Na je da la'asar, na tarar ya riga ya kama su ya sa a kwando, ya yayyafa musu dawa. A ranar mai unguwa ya raba kuɗin da ke hannunsa, ya ba shi kashi biyu cikin uku, ya miƙo mini ragowar, muka sa hannu a bayan takardar farko.